Kaka Mai Fito da Jirginsa na Maɗaci

Ranar da Allah ya yi wa Kaka rasuwa, Goggo ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinsa ta miƙe ƙafa tana tsintar wake. Duk matar da ta shigo ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sai Goggo ta amsa, ta ci gaba da tsinta. Waken da ta tsince a kwana ukun nan zai ciyar da Kazaure har da baƙin kasuwarta. Ni kuwa na yi kukan mutum biyu, nawa da nata, har wata tsohuwa ta ce a ba yarinyar nan ruwa kada ta bushe.

Maza suna waje a kan tabarmi, ina leƙensu ta hujin zana. Tsofaffi sun zo daga Gwiwa da Kanya Babba da Ɓaɓura, waɗansu a keke, waɗansu a ƙasa, kowa ya zauna sai ya ce shi ma marigayi ya taɓa ƙetarar da shi a jirgi. Wata Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nono a zaure, ta ce shekara da shekaru tana ƙetare kogi a jirginsa, ko ɗigo bai taɓa zube mata ba, ta juya ta tafi ba ta jira an maido mata da ƙwaryar ba.

'Yan kasuwa ma sun zo a motocinsu. Alhaji mai motoci ya zauna kansa a ƙasa tun hantsi har azahar. Kawu, yayan mahaifiyata, mai shagon fenti da kwano a Kazaure, kullum sai ya zo, kuma bai taɓa sa hannu a kwanon abinci ba. Babu wanda ya ambaci jirgin. Alhali yana nan kwance a bayan gida da sunayen shagunansu a jikinsa, kore da rawaya, duk mai zuwa kama ruwa sai ya wuce ta gabansa.

Shi ya sa na ɗauki biro. Idan na yi shiru, nan da 'yan shekaru za a ce wani tsoho ne jirginsa ya tsufa ya fashe. Ba haka aka yi ba, kuma da hannuna a ciki.

Kaka mahaifin mahaifina ne. Gajere ne, baƙi, kafaɗunsa kamar an ɗora masa turmi biyu. Sana'arsa fito: da damina, idan kogin garinmu ya kawo, shi yake ƙetarar da mutane tsakanin gefen Roni da gefen Kazaure. Jirgin daga itacen maɗaci guda aka sassaƙa shi tun zamanin mahaifinsa, ana tura shi da doguwar gora. Kaka ba ya son surutu a kan ruwa. Idan mutum ya fara labari a tsakiyar kogi, sai ya ce masa ya ajiye shi, ganga tana nan tana jira. Idan mai tsoro ya shiga yana rawar jiki, sai ya miƙa masa ƙoƙo ya ce ya riƙa kwashe ruwa, ko da babu ruwan kwashewa, wai hannun da yake aiki ba ya kifar da jirgi. Mace mai naƙuda da masu ɗauke da gawa ba sa bin layi, kuma ba ya karɓar komai a hannunsu. Na taɓa ganin ya sauke wani mai babbar riga da ya riga ya zauna, don a shigar da makara. Mutumin ya tambaye shi ko ya san da wanda yake magana. Kaka ya ce ya sani, da mai rai yake magana, mai rai kuwa yana iya jira.

Ni amarya yake ce mini, kamar yadda kakanni suke yi. Ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe, in ce ba zan zauna da mijin da ba shi da haƙoran cin rake ba. Sai ya ce ai shi ma ya gaji da matar da bakinta ya fi kanta girma. A hannunsa na tashi, ni da Goggo, ƙanwar mahaifina, bayan Inna ta sake aure a Roni.

Ban taɓa ganin mahaifina ba. Ina ciki aka yi ambaliyar shekarar samun 'yancin kai, wadda ta cinye ƙauyen da ke ƙetare. Tun safe Kaka da mahaifina suke kwaso mutane, shi a baya, mahaifina a gaba. Da la'asar ta yi, ruwa ya ƙara hauka, mahaifina ya kwanta a ganga don gajiya. Sai aka hango wata mata da 'ya'yanta a kan tudu suna ɗaga zane. Kaka ya taɓa shi da ƙafa ya ce ya tashi, saura ɗaya. A hanyar dawowa wani kututture ya taho da gudu, mahaifina ya sa gora zai kare, ya faɗa ruwa. Jirgi cike da yara, Kaka ba shi da halin sakin gorarsa. Ya ci gaba da turawa har ganga. Ba a ga gawar ba, don haka mahaifina ba shi da kabari. Babban ɗan matar nan shi ne yau Alhaji mai motoci.

Kaka bai taɓa ba ni labarin nan ba, Goggo ce ta ba ni, sau ɗaya, ta ce kada in sake tambaya.

Akwai wani abu da Kaka yake yi duk shekara wanda baƙi suke ɗauka hauka ne. Da zarar damina ta wuce, kogi ya koma yashi, sai ya ja jirgin zuwa wani gurbi mai zurfi a gindin dutse da ba ya ƙafewa, ya cika shi da duwatsu, ya nutsar da shi. A can zai kwana har ruwan farko. Ya ce icen da ya saba da ruwa, rana ce ajalinsa. Idan ya bushe zai tsage, kuma tsagar maɗaci ba ta haɗuwa. Ko da aka yi gada da kuɗin fetur, motoci suka riƙa wucewa ta sama, babu mai neman fito, bai daina ba. Da damina ya tono shi ya ɗaure a ganga, da rani ya mayar. Ni kan ce masa duk ƙasar nan shi kaɗai ne yake binne abu ya tono, ya sake binnewa, kamar kare da ƙashi.

Da na zo hutun bazara daga makaranta bana, sai na tarar idonsa ya fara yana. Wata safiya ya kira ni ya ce yana so, kafin ganin ya tafi gaba ɗaya, a yi fito ɗaya na ƙarshe da damina. A tara waɗanda aka kwaso ranar ambaliya, duk inda suka watsu, a yi sadaka a ganga, sannan a shiga jirgi. Ya ƙara da cewa akwai wani wuri a tsakiyar kogi da yake so ya nuna mini, in yi addu'a a kai. Shi kaɗai ya san wurin.

Abin da ake bukata ba shi da yawa: kwalta da ƙusoshi da guntun kwano don toshe wani tsohon rami a gindin jirgin, hatsin sadaka, da mota ɗaya da za ta kwaso tsofaffi. Ya ce 'yan kasuwar Kazaure rabinsu a jirginsa suka fara kai kaya kasuwa, ba za su ƙi ba. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, na riƙe masa hannu, muka shiga gari.

Mun zaga shaguna har takalmina ya koma fatar albasa. Ko'ina za a ce sannu da zuwa Baba, a shimfiɗa masa buzu, a tambayi ƙarfin jiki. Idan ya faɗi abin da ya kawo shi, sai a ce kai, madalla, Allah ya ba da iko, a sa masa goro a aljihu. Mai gidan mai ya ce a dawo bayan kasuwa. Mai hatsi ya ce bana kaya sun yi wuya. Alhaji mai motoci ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya saurara yana kallon agogo, ya ce motocinsa duk suna hanyar Ikko, amma za a duba. Muka dawo gida da goron da zai buɗe mana rumfa, babu ƙusa ko ɗaya.

Abin ya ƙona mini rai. Na ce wa Kaka mutanen yanzu ba sa jin magana sai a takarda, ya bari in rubuta. Ya yarda, ya faɗa mini abin da zan sa, jimla huɗu ko biyar, duk roƙo ne da addu'a. Shi ajami yake karantawa, bai san boko ba. Na rubuta nasa, sannan na ƙara nawa. Na ce wannan jirgi shi ne mafi tarihi a Arewa, ya ceci mutanen da ba sa ƙirguwa. Na ce duk wanda ya taimaka za a rubuta sunan shagonsa a jikin jirgin da manyan baƙaƙe. Da na ga alƙalami yana gudu, sai na ƙara da cewa za a ɗora jirgin a mota a zaga da shi kasuwanni kowa ya gani. Ina rubutawa ina dariya. Na kwafe ta sau da yawa na rarraba.

Ba a yi kwana huɗu ba sai ga babbar mota a bakin gurbi, da igiyoyi da ƙarti. Kawu ne a gaba, yana ta fara'a. Ya ce wa Kaka 'yan kasuwa sun haɗa kai, kowa ya kawo nasa, shi kuma fenti kyauta, yau za a fito da jirgi a kai shi Kazaure. Kaka ya tambaya a fito da shi a yi me, damina da saura. Kawu ya zaro takardar daga aljihu ya ce ai ga shi Baba da kansa ya faɗa, ya karanta masa tun daga farko har ƙarshe, a gaban mutane.

Kaka ya juyo da fuskarsa wajena sau ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bai ce ba shi ya faɗa ba. Ya ce:

"To, na ji. Sai dai a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa zuba masa ruwa safe da yamma."

Kawu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, fenti ba ya kama ɗanyen ice. Sai ya sha rana ya bushe ƙarau tukuna. Ku bar mana wannan, aikinmu ne."

Suka kwashe duwatsun, suka jawo shi. Ya fito baƙi ƙirin yana zubar da ruwa, har da wani tarwaɗa a ciki da ƙartin suka yi rabo. Kaka ya dafa gefensa har aka ɗora shi a mota.

Ranar ce na ga faɗan da ban taɓa gani ba a gidanmu. Goggo ta tsaya a tsakar gida ta ce wa mahaifinta ya san sarai abin da rana za ta yi wa jirgin, me ya hana shi buɗe baki. Ta ce shekara goma sha biyar ke nan duk abin da dangin Inna suka ce sai ya ce to, kamar shi ya tura kututturen. Kaka ya ce ta yi masa shiru. Ta ce ba za ta yi ba, ita ma ɗan'uwanta ne ya tafi, ba mijin 'yar'uwarsu kaɗai ba. Ya ɗauki buta ya fita, bai ci tuwon ranar ba. Ni kuma babu wanda ya ce mini komai, abin da ya fi duka ciwo.

Jirgin ya yi mako biyu a ƙofar shagon Kawu cikin ranar bazara, irin wadda take soya ƙwai a kan dutse. Aka shafe shi da kore, aka rubuta sunaye da rawaya. Har rigima aka yi tsakanin mai gidan mai da mai hatsi a kan wanda sunansa zai zo kusa da goshi. Daga nan motar Alhaji, wadda ashe ta dawo daga Ikko, ta zaga da shi kasuwar Gwiwa da ta Kanya Babba da ta Ɓaɓura, da lasifika ana kiran sunayen shaguna. Na koma makaranta ina jin labari. 'Yan ajinmu suka ce sun gan shi, ya yi kyau kamar motar amarya.

Da na dawo hutun damina, na tarar da shi a ganga, Kaka a tsugune a gefensa. Tsaga ce tun daga goshi har kusan tsakiya, ta bi ta cikin sunan mai gidan mai ta raba shi biyu. Hannuna yana shiga har wuyan hannu. Goggo ta ce tun ranar da aka sauke shi Kaka yake nan, yana lalube da yatsa don ido ba ya gani sosai, yana cusa tsumma da kwalta, yana buga kwano a kai. Kwalta dai an kawo har ta yi yawa, ƙusoshi kuwa za su rufe masallaci. Ya nutsar da shi kwana goma ko icen zai kumbura. Da aka gwada a bakin ganga, ruwa yana tsattsafowa kaɗan kaɗan. Ya ce tsofaffi ba za su shiga ba, mutum biyu kawai zai ɗauka. Goggo ta ce ba da 'yar ɗan'uwanta ba. Na ce ko an ɗaure ni a turmi sai na tafi da turmin.

Ranar fiton, gada ta cika da mutane har na ji tsoron za ta karye mu rasa gada da jirgi gaba ɗaya. An kwaso tsofaffin, an dafa sadaka, an yi addu'a a ganga. Inna ta zo daga Roni ta tsaya nesa da lulluɓi. Kogi ya kawo ja wur. Kaka ya cire rigarsa, ya ɗaura ɗan gajeren wando, ya miƙa mini ƙoƙo. Wannan karon akwai ruwan kwashewa.

Da ya kafa gora ya tura, sai na ga mutumin da tsofaffi suke ba da labari. Bayansa ya miƙe, ƙafafunsa suka kama ice, jirgi ya yanki ruwa ba ko girgiza. Mun yi nisa kaɗan sai na ji sanyi a tafin ƙafata. Na kwashe. Ruwa ya kai idon sawu. Na ƙara sauri har ƙoƙon yana ƙara a jikin ice. Wani gefen kwanon ya ɗaga, ruwa ya riƙa shigowa kamar an buɗe famfo. Ban faɗa masa ba, amma ƙafarsa ta faɗa masa. Na ji ya tsayar da gora.

"Kaka, mun zo?"

"Da saura."

"To mu je mana, ina kwashewa. Wallahi ina iyawa."

Ya tsaya yana fuskantar tsakiyar kogi, ruwa yana hawa ƙaurinsa. Sannan ya mayar da gora ɗaya gefen, ya juya kan jirgin. Na roƙe shi, na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi ba, na ce ya tsufa ya zama matsoraci. Ya ci gaba da turawa har muka daki yashi, jirgin ya zauna a ƙasa da mu a ciki, ruwa har gwiwa.

Mutanen kan gada suka ɗauka an gama ke nan. Suka yi ta tafi. Lasifika ta shiga kiran sunayen shaguna, Kawu ya yi jawabin godiya. Tsofaffin da aka kwaso ne kawai ba su tafa ba, su da Inna. Alhaji mai motoci ya gangaro har cikin ruwa da takalminsa ya kama hannun Kaka ya fito da shi.

Daga ranar Kaka bai sake zuwa ganga ba. Ya sa aka jawo jirgin bayan gida aka kwantar. Zazzaɓi ya kama shi, ya sake shi, ya sake kama shi, ƙirjinsa ya riƙa ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Ana fara yankan gero ya daina fita zaure.

Wata ranar da hantsi na kai masa kunu, na zauna na ce ya yafe mini. Ya ce amarya ba ta laifi a gidan miji, sai dai ta ƙona tuwo. Na ce ba wasa nake ba, me ya sa bai gaya musu ƙarya na rubuta ba. Ya ce da ya faɗa, da an ce 'yar ɗansa maƙaryaciya ce, a gaban kawunta, a gaban ƙarti, kuma babu uban da zai tsaya mata. Ya ce ice ne, an sassaƙa wani kafin shi. Ya sha kunun cokali biyu ya ture.

Na tambaye shi wurin. Na ce ko da baki ne ya kwatanta mini.

Ya daɗe yana lumshe ido, yatsunsa suna motsi a kan bargo. Ya ce, "Daga inda muka juya, gora bakwai. Ki karkata hagu kaɗan."

Kwana biyar bayan haka ya cika, da rana tsaka, Goggo tana riƙe da kansa.

Bayan sadakar bakwai na je kan gada ni kaɗai. Ruwa ya janye, yashi ya fara fitowa, kogin ma ya sauya hanya kamar yadda yake yi duk shekara. Na nemi inda muka juya, ina jin na gane, ina jin ban gane ba. Na fara ƙirgawa da ido, sai na tuna ban san tsawon turin Kaka ba. Gora ɗaya tasa tana iya kai jirgi nan da bakin zaure, tana iya wuce haka idan ruwa yana taimako. Na tambayi tsofaffi, suka ce wannan sai mai fito, kuma babu sauran mai fito tsakanin Roni da Kazaure.

Sai na ɗaga hannu na yi addu'ar a kan kogin duka, tun daga gindin dutse har inda idona ya tsaya. Allah ya jiƙan wanda yake da kabari da wanda ba shi da shi, ya haɗa su a inuwa ɗaya, ya sa Kaka ya tarar ɗansa ya riga shi isa ganga.